Ranar Da Na Goya Ɗan Farina Na Ratsa Kebbe

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yanzu sai in tashi ina faɗa wai an ɗauke mini carbi, alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai wata safiya guda a garin Kebbe da tsufa ya yi ya yi ya kasa taɓa ta, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Ita ce safiyar da na ɗauki ɗan farina na goya, na ratsa tsakiyar gari da shi zuwa wurin aikina. Jikokina mata idan na faɗa musu haka sai su taɓe baki su ce, "To Kaka, sai me?" Ku dai ku saurara, za ku ji ko me.

Ni 'yar Tambuwal ce, can aka haife ni, can na yi firamare. Daga nan aka tura ni kwalejin horon malamai mata, na fito ana ta shirye-shiryen karɓar mulkin kai. Ban daɗe da fitowa ba aka yi mini aure da wani mutumin Kebbe, malamin gona, mutum mai sanyin hali, sai dai ba ya zama. Kullum yana kan kekensa yana rangadi, yau Fakku, gobe wani ƙauye da ko sunansa ban iya riƙewa. Ni kuma aka ba ni aiki a makarantar garin, ni kaɗai ce mace a cikin malaman. Ranar da na fara, hedimasta, wani dattijo dogo mai yawan gyaran murya, ya nuna mini ajin 'yan mata ya ce, "Malama, ɗiyan ga da kika gani, da kyar munka samo su. Iyayensu sun yarda ne don an ce musu mace za ta karantar da su. Ran da kika tashi, ran nan ajin ga ya tashi." Na ce masa in sha Allahu ba zan tashi ba, kuma har zuciyata na faɗa.

Da cikina ya tsufa aka kai ni gida Tambuwal goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. A shekarar da aka sauke tutar Turawa na haifi ɗa namiji. Innata ta gasa ni da ruwan zafi safe da yamma, ta ɗura mini kunun kanwa har na fara ganin kwanon ina jin haushi. Yaro ya yi ɓul-ɓul, wuyansa har ninki yake yi. Da muka yi arba'in, hutun da aka ba ni ya ƙare, aka raka ni Kebbe a motar kasuwa da garata, na koma gidan surukaina inda ɗakina yake.

To, ga inda maganar take. A wurinmu, a wancan zamanin, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido in da babba a wurin, ba ta goya shi ta fita. Idan yana kuka a gaban surukarki, sai ki yi kamar ɗan maƙwabta ne, ki ci gaba da tankaɗenki har sai ita ta ce ki ɗauke shi. Ko a sannan ma sai kin ɗan ja aji, kin shiga ɗaki da shi kin saki labule. Macen da ta ce "ɗana" a kan ɗan farinta, an gama da ita, har kishiyoyin kakarta sai an zaga. Ni kuwa an yi mini tarbiyya sosai, ina ma alfahari da ita. Boko bai cire mini ko ƙwayar wannan kunya ba.

Saboda haka da na koma aiki, babu wanda ya tsaya shawarar yadda za a yi da yaron, don kowa ya san yadda za a yi. Da sassafe in ba shi nono a ɗaki, in miƙa wa surukata, wadda muke ce wa Iya, in ɗauki littattafaina in fita ko waiwaye babu. Ba zan dawo ba sai bayan azahar. Iya mace ce mai kirki, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Idan yunwa ta kama shi sai ta ba shi madarar shanu da Fulanin da suka sauka bayan gari suke kawo mata, ta ɗiɗɗiga masa da ɗan ludayi, wani lokaci ta haɗa da ruwan kunu. Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma da zuciya ɗaya take yi.

Wahalar da na sha a ajin nan, Allah kaɗai Ya sani. Kafin a kaɗa ƙararrawar tara ƙirjina ya cika ya yi tauri, yana zogi har cikin hammata. Ina rubutu a allo nono na zuba, sai in ja mayafi in rufe, in juya wa 'yan matan baya ina ta ƙara musu lissafin da ba su nema ba. Idan an tashi, sauri nake kamar zan tashi sama. Amma da na iso ƙofar gida sai in rage tafiya, in shiga a natse, in durƙusa in gaida Iya, ta tambaye ni aiki, in tambaye ta gida, yaron kuwa yana gefenta yana tsala ihu har muryarsa ta dishe. Ni kuma ina durƙushe ina kallon ƙasa, sai ta ce, "Karɓe shi mana, ɗiyata." Kullum haka.

Ba a daɗe ba zawo ya kama shi. Ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa, ya sake dawowa. Ninkin wuyan nan ya tafi. Kukan ma ya rage ƙarfi, ya koma wani ɗan ƙugi kamar na ɗan akuya. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu, aka karɓo magani a ɗakin shan magani, ya ɗan farfaɗo kwanakin da ba makaranta, da na koma aiki kuma ya koma. Wannan kaɗai ya ishi mai hankali ya gane inda ciwon yake.

Kuma kowa ya gane, abin da har yau yake ba ni mamaki ke nan. Iya ta gane, amma ba za ta aiko mini da shi makaranta ba, don kada ta kunyata ni a gaban mutane. Hedimasta ya gane, don ya ga mayafina a jiƙe ba sau ɗaya ba. Wata rana ya tsayar da ni a bakin ofishinsa, ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga, yana kallon rufin kwano, ya ce, "Malama, mutanen gida dai lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Malam." Ya ce, "Duka-duka?" Na ce, "Duka." Ya ce madalla, na wuce. Shi ba zai ambaci ɗan farina ba don yana girmama ni, ni ba zan ambata ba don ina girmama shi. Haka muka taru, gari guda na mutanen kirki, kowa yana lallaɓa kunyata, yaro yana ƙarewa a tsakaninmu.

Mijina ya dawo daga rangadi ya ga yadda yaron ya koma, jikinsa ya yi sanyi. A ɗaki ya ce mini, a hankali, "Ko dai ki aje aikin ga?" Ban ga laifinsa ba, ita ce hanyar da kowa yake gani. Amma ni da ya faɗa sai fuskokin 'yan matan ajina suka zo mini. Akwai waɗanda suka fara haɗa baƙi, akwai wadda ta rubuta sunanta da kanta ta yi ta tsalle har ɗankwalinta ya faɗi. Na ce masa ya ba ni lokaci in yi tunani. Kashegari ya hau kekensa ya koma daji.

Wata la'asar, na shiga ɗaki da yaron na saki labule, na sa masa nono ya kama, ya ja kaɗan ya saki, ba shi da ƙarfin ja. Na shafa kansa, sai yatsana ya faɗa cikin maɗigarsa. Ta lotsa. An koya mana a kwaleji abin da wannan yake nufi, jikinsa ya bushe, ruwa ya ƙare. Na zauna da shi a cinya ina matsa masa nono a baki ɗigo-ɗigo har ya samu ya haɗiya. Ban yi kuka ba. Wani irin fushi ne ya taso mini, ban ma san da wa nake fushin ba. Na ce a raina, wallahi yaron nan ba zai mutu ba, ajin nan kuma ba zai tashi ba, duk abin da za a ce a ce.

Da gari ya waye na yi masa wanka, na ɗora shi a bayana, na ɗaure zane, na kawo majanyi na tamke. Ban taɓa goya shi ba sai a cikin ɗaki. Na ɗauki littattafaina na fito tsakar gida. Iya tana bakin murhu, ta miƙo hannu za ta karɓe shi kamar kullum, sai ta ga goyo. Hannun ya tsaya a sama.

Ta ce, "Ɗiyata, ina za ki da yaron ga?"

Na durƙusa na ce, "Makaranta, Iya."

Ta daɗe tana kallona. Na zaci za ta yi salati ta tara mini jama'a. Sai kawai ta tashi ta zagayo bayana, ta gyara masa wuya, ta ja mayafina ta rufe masa kai, ta koma bakin murhunta.

Tsakanin gidanmu da makaranta ba nisa, amma ran nan sai da na ji kamar Tambuwal zan je a ƙasa. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya da tulunansu a ka. Wata ta ce, "La ilaha illallahu, ba na farin ba ne?" Wata ta amsa mata, "Shi ne. Boko ke nan." Na ji su sarai, na ƙara ɗaga ƙafa. Babbar matsalar tana gaba, don hanyar ta bi ta gaban wata rumfa inda dattawa suke zama da hantsi, surukina kuma a nan yake zama. Da can idan na hango su sai in saki hanya in zagaya ta bayan masallaci. Ran nan na ce in na zagaya yau, gobe ma zan zagaya, jibi in kasa fitowa. Na zo daidai rumfar, na tuɓe takalmi, na durƙusa da goyona na gaishe su. Surukina ya amsa gaisuwar yana kallon yatsun ƙafarsa.

Da na shiga aji 'yan matan suka ɓarke da murna, kowa na son ta leƙa shi. Na daka musu tsawa suka zauna, muka fara karatu. Da ya motsa na fita bayan aji, na tsuguna a jikin bango, rana na dukana, na ba shi nono. Ina dawowa na tarar da hedimasta a bakin ƙofa. Wannan karon bai yi gyaran murya ba. Ya ce, "Malama, doka ba ta yarda malami shi shiga aji da goyo ba. In mai duba makarantu ya zo ya gani, ni da ke duka mun shiga uku." Na ce, "Na sani, Malam. Shi ya sa nika son a tara mini dattawan makaranta, ina da magana." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce to.

Dattawan makaranta su ne iyayen gari da ake shawara da su a kan duk abin da ya shafi yara, kuma surukina yana cikinsu. Da la'asar suka hallara a gindin tsamiyar da ke filin makaranta, aka shimfiɗa musu tabarmi. Mace ba ta zuwa irin wannan zama, balle ta yi magana. Na zo da goyona na durƙusa daga gefe. Na ce a raina, ke, kin riga kin ratsa gari, saura me?

Na ce, "Ranku shi daɗe, ku gafarce ni. Yaron ga da ke bayana ɗana ne."

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi!" Wani ya kawar da kai yana jan gemu. Ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Na ce, "Ɗana ne, kuma ba shi da lafiya. Ba wani ciwo gare shi ba, nono yaka so, nonon kuwa yana jikina, ni kuma ina nan wurin ɗiyanku tun safe har bayan azahar. In na zauna gida, ajin ɗiyanku mata ya tashi. In na bar shi gida, rasa shi za ni yi. Ni kuwa ba ni barin ko guda. Abin da nika roƙo, a yi mini inuwa bayan ajin ga, a samo wadda za ta riƙe shi, a ba ni izini in fita in shayar da shi in ya nema. Aikinku nika yi, ku taimake ni in yi shi."

Tsohon da ya yi salati ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin mace ta faɗi haka a gaban surukinta ba, kuma in irin tarbiyyar da za a koya wa ɗiyansu ke nan, gara ajin ya tashi. Wasu suka gyaɗa kai. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza. Duk wannan abin surukina bai ɗago ba, yana ta zane a ƙasa da bakin sandarsa. Can sai ya yi magana, kuma ba da ni ya yi ba, ko inda nake bai kalla ba.

Ya ce, "Malam hedimasta, inuwar ga da aka faɗi, zana nawa za ta ci?"

Wallahi sai a lokacin hawaye suka zubo mini. Tunda mai jikan, wanda aka ce an yi wa rashin kunyar, ya tambayi zana, wa kuma ya isa ya ce a'a? Hedimasta ya yi gyaran muryarsa ya ce shi ma yana da magana. Ya ce makaranta za ta ɗauki tsohuwa guda aikin raino, kamar yadda ta ɗauki mai ɗebo ruwa. Ya ce duk lokacin da na fita shayarwa, shi da kansa zai riƙe mini aji. Aka ce masa mai dubawa fa? Ya ce, "Doka ta hana goyo cikin aji, ba ta hana bukka bayan aji ba. In ya zo, ni aka ba makarantar ga, ni zan amsa."

Kashegari surukina ya aiko da gwafanni daga gonarsa, wani ya kawo zana, wani ya kawo shuci na jinka. Har tsohon mai salati, da ya ga ana jinka ba daidai ba, bai iya haƙuri ba, ya tuɓe riga ya karɓi aikin yana ta mita. Iya ta aiko da tabarma da 'yar randa. Aka samo wata gwauruwa mai tsabta a maƙwabtan makaranta, ta zama mai raino. Idan yaron ya yi kuka sai ta ƙwanƙwasa tagar ajina, in fita, hedimasta ya shigo. 'Yan matan nan sun sha dariya, don in ya tarar muna ɗinki sai ya tsaya yana jujjuya allura kamar an ba shi kunama, daga baya ya ce a rufe a ɗauko lissafi. Zawo ya tsaya. A hankali maɗiga ta ciko, kuka ya dawo da ƙarfinsa har yana hana ajin maza karatu. Daga baya matar da ke aiki a ɗakin shan magani ita ma ta riƙa kawo tata 'yar, bukka ta zama ta mutane.

Kada ku zaci a banza na samu. Na daɗe ina shiga gidan suna mata su yi shiru, in na fita su kwashe da dariya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Innata, don na san labari zai kai Tambuwal, kuma na san yadda take da tsanani a kan kunya.

Ai kuwa ya kai. Wata ranar kasuwa da hantsi, ina zaune a cikin bukkar ina shayar da shi, sai na ga an ɗaga zana. Inna ce, da ƙurar mota a jikinta, ko gidan surukaina ba ta biya ba. Na rasa inda zan sa kaina, na fara ƙoƙarin cire shi daga nono. Ta ce, "Bar shi shi sha." Ta zauna a bakin tabarma, fuskar nan a ɗaure, har ya ƙoshi ya saki don kansa. Sannan ta miƙo hannu ta karɓe shi, ta ɗaga shi tana jin nauyinsa, ta sa babban yatsa ta shafa tsakiyar kansa. Mai raino ta ga yanayin, ta sulale ta fita.

Inna ta ce, "An ce mini kin tsaya gaban surukinki kin ce ɗanki."

Na ce, "Na faɗa, Inna."

Ta ce, "Tun daga Tambuwal nika shirya abin da zan ce miki." Ta dubi yaron. Can ta ce, "Ke ba ke ce ta fari ba. Akwai wani kafin ke, namiji. Damina ce, ana aikin gona, ni ke kai wa maza abinci daji, shi yana gida wurin kakarshi. Ina ganin yana ramewa, na san abin da yaka so, ban iya buɗe baki ba. Ran da ya rasu ko kuka ban yi ba, don ba a yi wa na fari kuka a gaban mutane. Kowa ya yaba kunyata." Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙo mini shi, ta ce, "Goya abinki, ki koma wurin aikinki."

Sai a ranar na gane abin da ya sa Inna take kiran sunana gatsal tun ina ƙarama, ni da nake zaton ni ce 'yar fari. Shekara da shekaru tana ɗauke da wannan abu ita kaɗai, ko mu 'ya'yanta ba mu sani ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake faɗa wa duk mai aikin da ta haihu. Kunya abu ce mai kyau, har gobe ina da tawa. Amma in ta kai ga ran ɗanki, buɗe baki ki faɗi abin da kike bukata a wurin waɗanda kike yi wa aiki, ki faɗa a fili, ko muryarki na rawa. Sau da yawa mutanen da ke kewaye da ke a shirye suke su taimaka, jira kawai suke wani ya fara magana. Innata ta yi shiru, aka yabe ta, ta binne nata. Ni na yi magana, aka zage ni, nawa kuwa ga shi can da furfura a gemu.